Wasan da Ya Kwana a Ƙarƙashin Ledar Kicin Ɗina

Wasil Havrilak bai taɓa zama a kujera ya jingina bayansa ba, a iya sanina dai, kuma na san shi tun muna aji ɗaya a firamaren Glen Harrow. A tsaye yake shan kofi, a tsaye yake cin abinci, makullai na ta kacau-kacau a aljihunsa. Marigayiya matarsa Olga takan ce Allah ya taimake shi da a cocinsu tsayuwa ake yi, da cocinmu ne na masu benci da tuni an kore shi. Sana'arsa shimfiɗa leda a ɗakunan mutane, ya fi shekara hamsin yana ja da gwiwa a gidajen garin nan. Aikinsa ba shi da makusa, amma in ka ɗauke shi kwana biyu to ka shirya wa mako guda, don duk abin da ya tono a ƙarƙashin tsohuwar leda sai ya karanta shi.

Layinmu shi ake kira Layin Helumai. Gida goma sha biyu ne kamfanin kwal ya gina wa helumansa, a jere suna hawa tudu, nawa ne na ƙarshe can sama. A shekarar 1911 kamfanin ya sa aka shimfiɗa leda a kicin ɗin kowane gida. Mutanen lokacin ba sa ɗora leda a kan katako tsirara, sai sun jera jaridu a ƙasa saboda iskar sanyi da ke kutsowa ta tsagar katako. Mutum ɗaya ne ya yi aikin gaba ɗaya, ya faro daga gindin tudu a watan Mayu, ya ƙare a sama cikin Satumba, ga alama shi ma ba ya sauri. Ba wanda ya san sunansa. Abin da aka sani kawai, ba ya karanta komai sai wata 'yar jaridar wasanni mai launin ruwan hoda da wani mai ɗab'i na garinmu ke fitarwa Litinin da Alhamis. Yana gama karantawa sai ya shimfiɗe ta a gidan da yake aiki a makon. Waɗanda suka zo daga baya kuma ba su ɗaga ledarsa ba, kowa ɗora tasa yake yi a kai.

Wasil ya fara cin karo da jaridar ne a gida na biyu, yana da shekara arba'in da 'yan kai. Matar gidan ta dawo daga kasuwa ta same shi tsaye a tsakar kicin, wuƙar yankan leda a hammata, yana karanta labarin wasan besbol na mutanen da ƙasa ta daɗe da cinye su. A nan ya gano cewa garin nan namu, wanda yau ko silima babu, ya taɓa yin ƙungiya tasa mai albashi, tana karawa da garuruwan kwal biyar na kwarin nan. Ya nufi laburare, aka ce ba su da jaridar. Ya nemi jikokin mai ɗab'in, suka ce ambaliya ta tafi da komai. Manyan jaridun birni kuwa ba su taɓa ɓata tawada a kan 'yan ƙauye irinmu ba. Sai da ya ɗaga ledar gida na huɗu ya ga kwanan wata ya matsa gaba, sannan ya gane yadda abin yake: kakar wasan gaba ɗaya tana kwance a layinmu, gida-gida, kuma ƙarshenta na saman tudu. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki.

Ni dai ban taɓa ganin abin burgewa a wasan nan ba. Ƙato da gashin baki ya bugi ƙwallo da sanda, ya ruga ya zaga tasha uku ya dawo inda ya tashi, a ce ya kai gida, an ci maki ɗaya. A yi ta haka har zagaye tara, kai kuma kana zaune rana na gasa ka. Amma Wasil ya iya ba da labari, wannan ba zan hana shi ba. Duk Asabar da safe yakan ɗauki abin da ya tono ya tafi shagon shan kofi na bakin gada, ya tsaya a gaban kanta ya karanta wa tsofaffin da suka yi ritaya. Ba ya tsallake komai, har tallar man gashin baki da ta maganin basir. Marubucin jaridar mutum ne mai baki, in mai jifa ya yi sanyi sai ya ce hannunsa ya tafi jana'izar kakarsa bai dawo ba, in alƙalin wasa ya yi kuskure ya ba da shawarar a haɗa masa kuɗin tabarau a coci. Tsofaffin nan su yi ta dariya har da tari. Kafin a yi nisa sun rabu gida biyu a kan 'yan wasan da ba wanda ya taɓa ganin ko hotonsu. Na taɓa shiga sayen burodi na tarar mutum biyu sun daina gaisawa a kan ko ya dace a ajiye wani Con Tierney a benci. Shi Tierney ɗin nan direban alfadari ne a ramin kwal, ba wanda ya kai shi gudu a ƙungiyar, kuma Wasil na maganarsa kamar ƙaninsa.

Wahalar ita ce ba kowa ke son a ɓare masa kicin ba. Wasil ya bi gidajen nan da haƙurin da ban san yana da shi ba. Wani ya yi masa aikin a rabin kuɗi, wani kyauta. Wani gidan sai da ya jira mai shi ya mutu, ya je gaisuwa da tukunyar kabeji naɗe da nama, ya yi wa magada ta'aziyya, kafin ya fita ya ce ai ledar nan ta tsufa, za ta rage wa gidan daraja in an zo sayarwa. Kuma ba ya yarda ya tsallake gida. An taɓa kiransa gida na tara alhali bai shiga na bakwai ba, ya ce su jira, shi ba zai karanta Agusta kafin Yuli ba. Suka jira shekara biyu, don ba wani mai leda a garin.

Da haka ya hau tudun nan a hankali, gashinsa na fari, gwiwoyinsa na lalacewa, har ya iso gidan su Dombek, maƙwabtana. Jaridar ƙarshe da ya samu a can ta ce Glen Harrow da Mount Sabel sun yi kunnen doki a saman teburi, kuma ranar Asabar mai zuwa za a yi wasa ɗaya a filin garinmu, wanda ya ci shi ne da kofi. Daga nan jaridun suka ƙare a jikin bango. Bangon nan kuwa, bayansa kicin ɗina ne.

Ranar da yamma ya ƙwanƙwasa mini ƙofa, hula a hannu, abin da bai taɓa yi ba.

"Misis Prosser, barka da yamma. Na ce ko ledar nan taki ba ta fara gajiya ba?"

"Yau kuma ni ce Misis Prosser? Ni Doris da ka zuba wa tawada a kitso? Ledata lafiyarta ƙalau, ta fi gwiwoyinka."

"Haba Doris, kwana ɗaya ne fa. In saka miki sabuwa fil, ko sisi kar ki ba ni."

"Ka kai wa Tierney ɗinka ya shimfiɗa wa alfadari."

Ba rowa ba ce, kuma shi ma ya sani. Ledar da ke sama mijina Elwyn ne ya shimfiɗa ta da hannunsa, shekara guda kafin ƙurar kwal ta gama cinye masa huhu. Ya ƙi kiran Wasil, wai shi ma namiji ne. Yana yi yana hutawa, yana tari, ya yi kusan wata guda a kai, kuma ta karkace a wajen murhu, layukan sun gudu sun bar bango. Ita ce aikin ƙarshe da ya yi a gidan nan. Kullum da safe a kanta nake tsayawa in dafa shayi, kuma ban ga dalilin da zan bari a ɓare ta don wasu 'yan ƙwallo da suka riga kakata mutuwa ba.

Wasil ya zame mini ƙarfen ƙafa. Shekara tara yana sintiri. Ya gyara mini famfo, ya kwashe mini ƙanƙara a ƙofar gida, ya kawo mini pirohi, ƙullin fulawar nan nasu mai dankali a ciki, da 'yarsa Paulette ta aiko masa, duk yana satar kallon ƙasa. In na ba shi kofi sai ya riƙa zagaya kicin ɗin yana taka gefe-gefe da tsinin takalmi, yana jin kaurin abin da ke ƙasa, har sai na ce ya fita kafin ya sa ni jiri. Wata rana na kama shi durƙushe a bayan firjin da fitila a baki. Ya ce wai ɓera yake duba mini. Na ce ɓeran nan mai shekara saba'in da biyar na gan shi, kuma ga tsintsiya. Tsofaffin shagon kofi ma suka sa baki, in na wuce sai a yi ta gyaran murya, wani ya ce ga mai riƙe da kofi nan ta zo. Da yawansu sun mutu ba su ji ƙarshen ba, kuma na san a ransu ni suka ɗora wa laifi. Ban ji daɗi ba, amma na kafe kai da fata.

Sai bara, da kaka ta shigo, Paulette ta zo daga jihar Arizona mai nisa, inda take zaune, ta tarar uban ya faɗi a matakala ya ɓoye mata. Ba ta yi shawara da kowa ba, ta sa gidansa a kasuwa, ta ce ƙarshen wata za ta tafi da shi. Na zaci zai zo ya tare a ƙofata ya yi ta roƙo. Bai zo ba. Ta taga nake hango shi, ya hau tudu da sandarsa, ya iso daidai gidan su Dombek, ya tsaya yana kaɗa makullai, sai ya juya ya gangara. Can an jima ya sake hawowa. Safe da yamma haka yake yi, ko kallon ƙofata ba ya yi. Abin ya hana ni sukuni. Na ɗora shayi na manta, na fara saƙa na warware, ni ma na kama zagaya kicin kamar wadda aka shafa wa ciwonsa. Da yana roƙo ina da abin da zan ce masa, amma yanzu da ya yi shiru ban san inda zan sa kaina ba.

A rana ta huɗu ko ta biyar na buɗe taga na ce, "Kai tsoho, za ka ƙarar da titin gwamnati. Zo da kayan aikinka gobe. Amma ledar Elwyn in ka yaga ta ko da faɗin farce ne, Arizona ma ba za ta ɓoye ka ba."

Bai ce na gode ba. Ya kalle ni, sannan ya tambaya ko ina da dutsen guga.

Da dutsen gugar ya bi ledar Elwyn yana ɗumama ta kaɗan-kaɗan ta saman tsumma, yana zura wuƙa a ƙasa, yana naɗewa. Ya durƙusa a kan filo biyu, duk sanda zai matsa sai na kama shi ta hammata. Mutumin da ba ya iya jiran ruwa ya tafasa, ranar ya yi rabin yini a kan leda ɗaya, ya ɗaga ta ɗungurungum ba ko tsaga. Ta ƙasanta wata kore ce ta zamanin surukata, wannan ya yanke ta ba tausayi. Sannan ta asalin, baƙa ƙirin, tana karyewa kamar biskit. Da ya ɗaga gefenta sai ga ruwan hoda ya leƙo, a jere tsaf, kamar jiya aka shimfiɗa.

Ya tattaro jaridun. Ya nemo ta Litinin, ya ɗaga ta kusa, ya kai ta nesa, ya goge tabarau da gefen riga, daga ƙarshe ya miƙo mini ya ce in karanta, kuma kar in tsallake ko layi ɗaya.

Na karanta. Ranar Asabar ɗin an wuni ana ruwa, fili ya zama tafki. 'Yan Mount Sabel kuma jirgin ƙasan da za su shiga na safiyar Litinin ne, albashin kowa ya ƙare, rabinsu za su watse garuruwansu. Sai aka yanke a yi wasan ranar Lahadi, alhali a lokacin dokar jiharmu ta hana buga ƙwallo ranar Lahadi. Gari ya fito ƙwansa da kwarkwata, waɗanda ba su sami wuri ba suka hau tulin tarkacen kwal. Aka kai zagaye na tara, na ƙarshe ke nan, Mount Sabel na gaba da maki ɗaya. An fitar da namu mutum biyu, in aka fitar da na uku wasa ya ƙare. Con Tierney ya bugi ƙwallo, ya ci tasha biyu, ya saci ta uku da gudu, yana tsaye yana jiran a buga ya kai gida a rama. Wanda zai buga kuwa Pavlik ne, mai jifan ƙungiyar, wanda duk mai zuwa shagon kofi ya san hannunsa na jifa ne kawai, in ya riƙe sanda ko ƙofar rumbu aka jefo masa sai ya kuskure.

Wasil ya miƙe tsaye ban san yadda aka yi ba. Ya ce in ci gaba.

Na duba layi na gaba sai na ji kunyar duniya ta kama ni. Pavlik na shirin bugu sai ga ɗan sandan gari ya shigo fili da keken doki biyu, a gefensa faston cocinmu na kan tudu da dattawan coci cikin baƙaƙen kwat. Aka kama 'yan wasa gaba ɗaya, har da alƙali. Marubucin ya ce Tierney ya ƙi ɗaga ƙafarsa daga tasha ta uku, sai mutum huɗu suka ɗauke shi cak. A kusurwar shafin, cikin ƙananan baƙaƙe, shugabannin gasar sun zauna sun ce wasan da doka ta hana ba wasa ba ne, an soke shi, bana ba mai kofi. Mun tono sauran jaridun har bango, babu wata bayan wannan.

"Ku ne ashe," in ji Wasil. Fuskarsa ta yi ja har wuya. "Mutanen cocinku. Mutum na tasha ta uku, Doris. Minti biyu ma ba za su iya jira ba?"

"Doka doka ce. Wa ya aike su wasa ranar Ubangiji?"

"Ubangijin ne ya yi ruwa ranar Asabar ai."

Muka kaure da faɗa a kan katako tsirara, shi da sanda ni da dutsen guga, kamar jiya aka yi kamun. Ya kira kakannina masu baƙin ciki, na kira nasa mashaya. Abin haushin, ina kare faston nan da baki, amma a raina da zan gan shi da na shaƙe shi da kwalarsa. Shekaru ina cewa wasan banza ne, ga shi na karanta shafi ɗaya zuciyata na bugu saboda wani direban alfadari. Wasil ya gaji, ya jingina da murhu yana haki, ya ce a hankali, shekara talatin yana hawa tudun nan, ashe Tierney yana nan tsaye inda yake.

Kwana biyu ya ɗauka yana mayar da ledar Elwyn. Na shigo na ga ya bar ta a karkace wajen murhu daidai yadda take, na san kuma abin ya ci masa rai, don bai taɓa barin layi a karkace ba a rayuwarsa. Jaridun ya kai shagon kofi ranar Asabar ya karanta wa mutum huɗun da suka rage. An ce sun yi ta musu har azahar, kuma ba wanda ya ce a gaishe ni.

Ranar tafiyar na fito bakin titi da gwangwanin biskit ɗin zabibi. Paulette ta riga ta sa shi a mota ta ɗaure shi da bel, sandarsa a kujerar baya, makullan gidan kuma an miƙa wa masu saye, sai yatsunsa ke ta motsi a kan cinya. Ban so tafiyar nan ba, kuma na gaya wa Paulette a fuskarta, ta ce ta ji. Wasil ya sauke gilashi, ya karɓi gwangwanin bai duba ba.

"Doris, tsakaninki da Allah. Da an bar su, da Tierney ya kai gida?"

Na so in ce da ya kai. Ba abin da zai ragu a jikina, Wasil zai tafi inda ba wanda ya san Tierney, kuma na san ba zan sake ganinsa ba. Amma tun muna yara ban taɓa sassauta masa ba, da na fara ranar da ya gane sallama nake yi masa.

"Pavlik ne fa zai buga, Wasil. Ka san Pavlik."

Ya kalli tudun. Sai kafaɗunsa suka fara rawa, dariya ta ƙwace masa, hawaye na bin ta.

"Na san Pavlik," ya ce. "Ran Lahadi in kin je, ki gode mini wa mutanen cocinku."

Paulette ta tayar da mota, suka gangara. Na tsaya a titi har suka sha kwanar gada, sannan na koma ciki na ɗora shayi.